Manhajar duba kansar fata: a saya ko a bari?

*Ɗana zabiya ne, shekararsa 14. An tallata min manhajar waya da ake biya duk wata, wai in na ɗauki hoton tabo za ta faɗa min ko kansa ce. In saya? (Wata uwa, Mabera)*

Hajiya, riƙe kuɗinki. Yawancin manhajojin nan melanoma aka koya musu, wato kansar fata mai kama da baƙin tabo wadda ta fi damun Turawa. Abin da zafin ranar Sakkwato ke jawo wa zabiya wani nau'in kansar fata ne daban: ɓawo mai kaushi a kunne, leɓe ko ƙeya, ya ɓare ya dawo, a hankali ya zama gyambo. A 2020 mujallar likitoci BMJ ta tattara gwaje-gwajen da aka yi wa irin waɗannan manhajoji, ta ce ba abin dogaro ba ne. Sai masa malafa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu da man kare rana SPF 50, ya riƙa shafawa duk awa 2 in yana waje. Ciwon da ya kai wata ɗaya bai warke ba, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato.

*Wani kamfani na son sayar wa ƙaramin asibitinmu irin wannan manhaja, wai kashi 95 take dacewa. Me zan duba? (Ma'aikacin lafiya, Boɗinga)*

Malam, kada kashi 95 ya ruɗe ka. In tabo 5 ne kansa cikin 100, na'urar da ke cewa "lafiya lau" ga kowa ma ta ci 95. Tambaye su: cikin kansa 100 da aka tabbatar ta hanyar yankar nama, nawa ta kama? Cikin tabo 100 marasa illa, nawa ta tayar wa mutane hankali a banza?

Sai ka tambayi fatar waye aka koya mata. HAM10000, tarin hotuna 10,015 da ake yawan amfani da shi wajen koya wa irin waɗannan manhajoji, daga Ostiriya da Ostireliya aka samo shi. Mu kuwa melanoma a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce ta fi fito mana, inda lalle kan rufe ta. Tsohon tabon ƙuna ma yakan rikiɗe ya zama kansa.

Launi na ruɗa manhajar sosai. Wani bincike a Jamus a 2019 ya nuna shuɗin alamar da likita ke zanawa kusa da tabo na sa kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin ciwon kansa. To ina ga ciwon da aka shafe da shuɗin maganin nan jibi (GV)?

Gwada da kanka: tabo ɗaya, hoto uku, a ɗaki, a inuwa, da wata wayar. In amsa ta sauya, mayar musu da kayansu. Gara damatoskof, madubin hannu mai fitila da ke ƙara girma sau 10. A maƙala shi a waya, a tura hoton ga likitan fata. Tabon da ake zargi kuwa, a yanki nama, a sa a ruwan adana nama, wato fomalin kashi 10, a aika ɗakin gwaji.