Jijjigar zazzaɓi a yara: amsoshin likita

Wata uwa daga Aboabo, Kumasi: Likita, ɗana mai shekara 2 ya yi zazzaɓi, sai idonsa ya kafe, jikinsa ya sandare yana karkarwa. Farfaɗiya ce?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Galibi ba farfaɗiya ba ce. Wannan jijjigar tana kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5 idan zafin jiki ya kai digiri 38 ko fiye, kuma yawanci tana sakinsu kafin minti 5. Kusan ɗaya cikin uku kan sake yi a wani zazzaɓin. Amma a nan Ghana ba ma cewa "jijjiga ce kawai" sai mun kawar da maleriyar ƙwaƙwalwa da sanƙarau. Ki kai shi asibiti a ranar, a ɗiga jinin yatsa a gwada maleriya da sukari.

Wani uba daga Asawase: Kakar ɗana ta ce in yana jijjiga a sa masa cokali a baki, a ɗura masa manja. Daidai ne?

Amsa: Malam, a lallashi Hajiya ta bari. Cokali haƙori yake karyawa, harshe kuma ba ya haɗiyuwa. Manja ko ruwan rubutu, yaron da ba ya cikin hayyacinsa huhu suke gangara masa. Hayaƙi da kara ƙafa a wuta ƙuna kawai suke bari. Kwantar da shi a tabarma ta gefe, sassauta masa riga, kar a danne shi, ka duba agogo. Ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, kira 112 ko ku nufi asibitin Komfo Anokye, inda ake ba da diyazifam, maganin tsayar da jijjiga, ta dubura ko ta jijiya. Haka ma in gefe ɗaya ne ke motsi, ko ta dawo cikin awa 24, ko wuya ya ƙage, ko awa guda ta wuce bai farfaɗo sosai ba.

Wata daga Sawaba: Farasitamol zai hana ta dawowa?

Amsa: A'a, sauƙi kawai yake sa wa yaro. Ana ba da miligiram 15 kan kowane kilo, duk awa 6, kuma sai ya farka tukuna. Mai kilo 12 zai sha mililita 7.5 na ruwan maganin mai miligiram 120 a mililita 5. Duba kwalbar, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.