Waƙar da Inna ke yi a bakin turmi

Ɗiyata, ƙanenki ya karanta mini saƙonki. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai waƙar da kakarki ke yi, mai cewa kasuwar garinmu ta zama makwancin awaki, zambo ce? Har kina tambaya ko ya dace a yi ta ranar bikinki a Yamai. Ikon Allah! Wa ya taɓa yi wa gidan ubansa zambo?

Ni a 1984 na gane ta. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Yunwar nan ce muke kira El-Buhari, don a shekarar Buhari, shugaban Nijeriya, ya rufe iyakar ƙasarsa, abincin da ke shigowa ta Ƙonni ya yanke. Ranar kasuwa babbar mota ta tsaya gindin gawo ta kwashe mazan unguwarmu, za su bida Abijan. Har da babanki, ko gemu bai yi ba, ya naɗe tabarmarsa da buta a ciki.

Da la'asar garinmu ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar taɓare. Ran nan na kasa kunne, turmi uku kawai na ƙirga. Inna tana dakan dusa, ta ɗauko waƙar, tana saka sunayen waɗanda suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Duk sunan da ta kira, sai matar gidansu ta amsa ta bayan darni. Da ta zo kan babanki muryarta ta karye, taɓarya ta tsaya, ni na karɓa na ƙarasa dakan.

Takan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma uwa ba ta barin kira. Takan ce kuma da hayaƙin murhu ake ƙirga gari.

Bayan nan mu mata muka yi ta ɗaukar duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita, ana biyanmu da abinci, da waƙar muke hawan tudu.

Ku kuwa yanzu a waya kuke jin irinta, an cire sunaye an sa kiɗa, kuna rawa. Laifinmu ne, mun dawo Tawa ba mu zaunar da ku mun faɗa muku ba. Zancen biki, bari sai kin zo da kaka. Tambayi babanki tukuna shekara nawa ya yi kafin ya dawo.