Amsar Tambayarka Kan Gilashin Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Ɗana, na duba gilashin gaban da ka kawo mini na ƙaramin jirgin nan samfurin Huey da kake haɗawa a ma'aunin 1/48, na kuma ji tambayarka: me ya sa ya fito da layi-layi a jiki, ya yi fari fat a gefe bayan ka manna shi, kuma shin robar ce ba ta da kyau har sai ka nemi wata mai tsada? Robarka ba ta da laifi. Layin ya fito ne daga katakon da ka danna robar a kansa bayan ka gasa ta don ta ɗauki siffar gilashin, farin kuma daga gam ɗinka, don haka ka bar kuɗinka a aljihu tukuna.

Ka yi daidai da ka ƙi amfani da gilashin da ya zo a cikin kwali. Kaurinsa ya kai milimita 1, kuma idan ka ninka wannan sau 48 za ka ga cewa a jirgin gaske kamar an saka gilashi mai kaurin kusan santimita 5 ne, shi ya sa kujerun da ka ɓata kwanaki kana fentawa suke karkacewa idan an leƙa su ta cikinsa. Robar da ake kira PETG mai kaurin rabin milimita ita ce ta dace da wannan ma'auni, ga 1/72 kuwa milimita 0.3 ta wadatar. Tana fara laushi a wajen digiri 80 na Salshiyas, tana miƙewa ba tare da ta tsage ba, almakashi kuma yana yanka ta salin-alin. Robar da ake rufe sabbin kaya da ita a kanti tana yi don gwaji, sai dai wata tana komawa fara kamar madara da zarar zafi ya ɗan wuce kima. Gorar ruwa kuwa halinta dabam ne, domin an riga an hura ta a masana'anta, idan ta ji wuta tsukewa take yi maimakon ta saki.

Yanzu ga inda aikin yake, wato katakon da ka sassaƙa da siffar gilashin. Roba mai zafi ba ta rufa wa kowa asiri. Duk abin da ta tarar a jikin katako sai ta kwafe shi, har jijiyar itacen da idonka bai gani ba. Ɗauki naka ka shafa shi da bayan farce, za ka ji kaushin da nake nufi. Balsa, wato wani itace mai laushi marar nauyi, yana da daɗin sassaƙa amma ramukansa a buɗe suke, saboda haka dole ka toshe su da fenti na share fage ko siririn gam mai tauri, ka bari ya bushe sarai, ka goge da samfefa mai lamba 400, ka sake shafawa, ka goge da 800, sannan ka gama da 1200 da ɗan ruwa. Nakan maimaita wannan sau uku ko huɗu kafin raina ya kwanta. Kada kuma ka goge shi har ya yi sheƙi kamar madubi, domin iska takan maƙale tsakanin roba da fuska mai santsi sosai ta bar tabo. Sannan ka rage girman katakon da gwargwadon kaurin robar, tunda a bayansa za ta kwanta, ka kuma ƙara masa gindi na kamar milimita 5 a ƙasa don lanƙwasar ƙarshe ta faɗa a wurin da za ka yanke ka yar.

Wajen gasawa, ka huda siririn katako da rami wanda ya ɗan fi siffar faɗi, ka ɗaure robar a kansa da maƙalai bayan ka ɓare ledar da ke kare fuskokinta biyu. Ka riƙe ta nesa da wuta kana jujjuyawa. Za ka ga ta fara yamutsewa, daga nan ta miƙe ta yi tas, sannan tsakiyarta ta fara saukowa kamar tumbi. A wannan lokacin ne za ka danna ta a kan katakon da ka sassaƙa a tashi ɗaya, ba tare da jinkiri ko gyara hannu ba, ka riƙe har ta huce. Idan ka ga ƙananan kumfa a cikinta, zafi ya yi yawa. Idan ta ƙi sauka har gindi, ka yi gaggawa. Ka yanka roba shida ka ajiye kafin ka kunna wuta, domin ni kaina ba kasafai na farko yake yi mini ba. Ka buɗe taga, ka kuma goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma, musamman a lokacin hunturu, saboda robar tana jan ƙura kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata aikin yini.

Wannan hanya ta dannawa ta ishe ka tagogin rufin Huey da na ƙarƙashin hancinsa. Siffa mai zurfi ita ce take bukatar akwati mai ramuka da injin zuƙe ƙura a jikinsa, wanda zai ja robar ta rungumi katako ta ko'ina. Na ji kana maganar Bell 47, jirgin da ya fara tashi a 1945, mai gilashi kamar tulu. Ka dakata da shi. Cikinsa ya fi bakinsa faɗi, idan roba ta kama katakon ba zai fito ba sai ka yi shi gida biyu, kuma ɓoye wurin haɗin ba aikin shekarar farko ba ne.

Batun farin gefe kuwa gajere ne. Sufa-gulu ka sa, tururinsa kuma yana sauka a kan roba ya daskare, ya fi son wurin da yatsa ya bar maiƙo. Ka koma ga farin gam na kafintoci, wanda yake bushewa garai-garai. Ka ɗebo shi da tsinken sakace, ka goge abin da ya tsatso da jiƙaƙƙen auduga. Wannan gam ɗin kansa yana zama gilashi a ramin da bai wuce milimita 5 ba, idan ka ja shi da tsinke daga gefe zuwa gefe har ya yi yana.

Wajen yankewa ka bar ɗan rara, ka riƙa ragewa da samfefa kana gwadawa a jikin jirgin. Tagogin rufin Huey kore ne, saboda haka ka shafa musu koren fenti mai nuna ciki, irin Tamiya X-25, ta fuskar ciki kafin ka manna. Gobe ka zo da katakon kaɗai, ba tare da roba ba, mu fara daga lamba 400.