An ce sai an cire min ƙwan maraina ɗaya, shin zan ƙara haihuwa?

Tambaya: Likita, shekaruna 28, watana bakwai da aure. Na ji wani ƙullutu mai tauri a ƙwan marainana na dama, ba ya ciwo. An yi hoto da gwajin jini, aka ce sankara ce, sai an cire ƙwan. Wani abokina ya ce kada in yarda, akwai maganin da ke narkar da shi. Ko matata ban gaya wa ba. In aka cire, mazakuta ta tafi ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Wannan tana cikin sankarar da aka fi cin galaba a kanta. Inda ake samun magani a kan kari, sama da kashi 95 cikin 100 na masu ita suna nan da ransu bayan shekara 5. Ƙwan da ya rage kuma, muddin lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai ya isa ya ba ka maniyyi da sinadarin da ke riƙe sha'awa, murya da ƙarfin gaba. Cire ɗaya ba dandaƙa ba ce.

Maganar abokinka ce ta tsaya min a rai, domin kusan kullum sai na ji ta. Babu wani jiƙo, ƙwaya ko man shafawa da ke narkar da wannan ƙullutun. Mai tallar maganin ya san abin da ka fi tsoro, da shi yake cin kasuwa. Rashin ciwon ma yana taya shi: mutum ya sha wata uku, bai ji komai ba, ya ce ai sauƙi ya samu. Alhali sankarar ba ta zauna ba. Hanyar kaluluwar maraina can take bi ta bayan ciki, kusa da ƙoda, daga nan sai huhu. Na sha ganin saurayin da tiyatar da ba ta kai awa biyu ba za ta wadace shi, ya ɓace mana, sai bayan watanni ya dawo dafe da ƙugu saboda ciwon baya, yana tari, da ledar kwalabe a hannunsa. Kuma a ƙarshe sai an cire ƙwan da ya yi ta gudun a cire. Mafi muni su ne masu soka allura wai za su zuƙe ruwa. Kada ka bari kowa ya huda fatar marainanka. Mu kanmu ta gefen mara muke shiga mu zaro ƙwan da igiyarsa, don kada a buɗe wa cutar sabuwar hanyar yaɗuwa.

Bayan tiyata, abin da aka gani a ƙwan da hoton ciki shi zai nuna mataki na gaba. Da yawa sa ido kawai ake yi. In cutar ta yaɗu, ana ba da haɗin magungunan kashe sankara guda uku, bleomycin, etoposide da cisplatin, zagaye 3 ko 4, kowane zagaye kwana 21. Tun da wani likita, Lawrence Einhorn, ya fara gwada cisplatin a kan wannan cuta a Amurka a 1974, har waɗanda ta kai wa huhu galibinsu suna warkewa.

Maganin yana da wahala, ba zan ɓoye maka ba: tashin zuciya, kasala, zubewar gashi, raunin garkuwar jiki. In zazzaɓi ya kama ka a lokacin, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Cisplatin kan bar wa wasu ƙara a kunne ko mutuwar yatsu, bleomycin kuma kan taɓa huhu, saboda haka in kana shan taba, ka ajiye ta. Maniyyi yakan yi ƙasa sosai, yawanci ya farfaɗo cikin shekara biyu zuwa sama, amma ba ga kowa ba. Don haka ka tambaya a ajiye maka maniyyinka a daskare kafin a fara, kuma kada a ɗauki ciki sai likitanka ya ce lokaci ya yi.

Ka gaya wa matarka yau, ku je tare ku karɓi ranar tiyata. Daga baya kuma kada ka tsallake gwajin jinin AFP da hCG (sinadaran da kan ƙaru a jini in sankarar ta dawo) ko hoton da aka sa maka, musamman a shekara biyun farko, domin a nan ne ta fi dawowa in za ta dawo.