Ko kuskure Julian Alvarez ya yi da ya bar Manchester City?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Julian Alvarez ya yi kuskure da ya bar Manchester City ya koma Atletico Madrid a 2024, alhali kofuna na ta shigowa. Ni dai a ganina bai yi ba. Yaron ya zo City daga ƙungiyar River Plate ta Ajantina a 2022, cikin shekara biyu kacal ya ɗaga kofin Firimiya sau biyu, da na FA, da na Zakarun Turai, ga Kofin Duniya da ya ciyo wa Ajantina a Ƙatar. Kofi kam ya ishe shi. Abin da ya rasa shi ne gurbi nasa na kansa, don muddin Haaland, babban ɗan wasan gaban City, na da lafiya, to gaba ta Haaland ce.

Ina tuna daren wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Inter Milan a Istanbul a 2023. A gidan kallo muke, zafi kamar me, janareta sai ƙugi yake. Ido muka zuba ko za a kira shi daga benci, har alƙalin wasa ya busa tashi kocin City Guardiola bai sa shi ko na minti ɗaya ba. Mutumin da wata shida kafin nan ya zura wa Kuroshiya ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya, fisabilillahi! Lambar yabo ya karɓa, amma rigarsa ko gumi ba ta sha ba. A wajen Simeone kuwa, kocin Atletico kuma ɗan ƙasarsu, da shi ake fara wasa.