Ina Ake Ajiye Yankin Sifa a Turanci?

Ka tambaya me ya sa malaminka ya ja layi a ƙarƙashin "a proud of his son man". Matsalar wurin zama ce. Sifa ita kaɗai, ko tare da kalma irin "very", tana zuwa gaban suna: "a very proud man". Amma da zarar ta jawo wutsiya, wato "of", "with" ko "to" da abin da ke biye, sai ta koma bayan sunan: "a man proud of his son".

In kana son dogon yanki ya zauna gaban suna, ɗaure shi da karan ɗori, ka cire "s" na jam'i: "a five-year-old girl". Bayan aikatau kuwa, "she is five years old", babu karan ɗori.

Wanda ya fi damuna shi ne yankin da ke buɗe jimla. Sunan da ya biyo bayan waƙafi shi yake siffantawa. "Tired after work, the bed looked soft" na nufin gadon ne ya gaji! Gyara: "Tired after work, she lay down". Don Allah, duk lokacin da ka fara jimla haka, duba wa ke bayan waƙafin.