Ana iya wasa allurar garmaho a sake amfani da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji garmaho mai wani da hannu daga kakana, da fayafayai da ɗan gwangwanin allurai, amma alluran sun kusa ƙarewa. Zan iya wasa tsofaffin a kan dutse? Kuma yaya zan gane wadda ta ci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, in alluran na ƙarfe ne, kada ka wasa su. Allura ɗaya, gefe ɗaya na faifai, wato minti uku ko huɗu, sai a yar.

Dalilin yana jikin faifan. Fayafayan da ke juyi 78 a minti da shalak aka yi su, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, aka cakuɗa shi da garin dutse mai laushi. Garin nan da gangan aka sa shi, don ya cinye bakin allura a juyin farko har ta zauna daidai cikin kwarmin da sauti yake. Kan garmaho, wato ɓangaren da ke riƙe allura, nauyinsa ya kan haura giram 100, duk a kan tsinin nan guda. Kafin waƙa ta ƙare bakin ya goge ta gefe biyu, ya yi kaifi kamar cizal ɗin kafinta. Ka mayar da ita kan wani faifai, ko ka ɗan juya ta cikin maƙallinta kamar yadda wasu ke yi don tsimi, to kankare bangon kwarmin za ta yi, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Wasawa da hannu ma ba ta gyara komai. Sabuwar allura bakinta a dunƙule yake, an goge shi sumul, dutse kuwa tsini mai gefe-gefe zai bar maka.

Wajen dubawa, nemi gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10 zuwa 20. Riƙe allurar kusa da fitila, ka murza ta a hankali tsakanin yatsu. Sabuwa haske na bin bakinta bai-ɗaya. Wadda ta ci kuwa, a wani wuri za ka ga walƙiya ta fito farat ɗaya ta ɓace, shafaffen gefen ke nan. Mai tsatsa ko lanƙwasasshen baki ita ma a yar, ko ba a taɓa sa ta ba. Kada ka yarda da tsohon gwangwani, don mutanen zamanin da sun sha mayar da wadda suka cire cikin sababbi. Baƙin gari da ya taru a bakin allura bayan waƙa, ko layukan faifai da suka koma ruwan toka, alama ce ta cewa faifan ne ke lalacewa.

Har yanzu ana ƙera alluran ƙarfe, ana sayarwa ɗari-ɗari ta intanet. Zaɓi sirara mai taushin murya ko matsakaiciya. Mai kaurin ta fi ƙara, ta kuma fi wahalar da faifai.

Alluran da ake fiƙewa su ne na gora da na ƙaya. Ta gora kusurwa uku gare ta, sai maƙallin da raminsa ya dace da ita. Ana yanke mata ɗan siririn baki a karkace da almakashinta na musamman, ko da sabuwar reza, yanka ɗaya tak. Rezar da ta dakushe farfasa zaren goran take yi, tsinin ya mutu tsakiyar waƙa. Ta ƙaya zagayayya ce: a kwantar da ita a karkace kan samfefa mai laushi sosai, ana murzawa ana ja, har tsinin ya fito daidai tsakiya. In ya karkata gefe guda muryar za ta shaƙe, in ya yi tsawo da siranta zai karye da mawaƙi ya ɗaga murya. Su ba sa cin faifai kamar ƙarfe, amma sautinsu ya fi ƙasa, kuma faifan da ƙarfe ya riga ya ƙwarzane dakusar da su yake yi nan take. Danshi ma makiyinsu ne, don haka da damina a rufe su cikin kwalba tare da ƙunshin farar tsakuwar nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Ƙurar hunturu na ƙara cin allura da faifai duka. Share faifai da buroshi mai laushi kafin ka ɗora. In wanki ya kama, ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ban da jiƙa takardar tsakiya, a bar shi ya bushe sarai. Ban da sifirit, don narkar da shalak yake yi.

Sai ka tantance fayafayan naka. Duk mai juyi 33 ko 45 na roba ne, kwarminsa ya fi siranta nesa ba kusa ba, allurar garmaho za ta kashe shi a sawa ɗaya.